Ayar da Gwaggo Tela Ta Gani a Fim

Shekara shida ke nan Auta tana yi wa kanta allurar ciwon suga safe da yamma, har cinyoyinta duk sun yi tabo. Ta gaji, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Duk ranar da ta zo shagon yayarta don ta taya ta saka maɓalli, sai ta dangwarar da 'yar jakar allurar a kan teburin yanka, ta ja tsaki.

Yayar, wadda kowa ke kira Gwaggo Tela, ita ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Mace ce mai kyauta da son ibada, ita ce ma shugabar zumuntar mata a cocinsu. Aibinta ɗaya, ba ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Ta iya karatu sarai, amma wai ƙananan baƙaƙe suna sa idonta ruwa. Idon da ke zura zare a allura ba tabarau!

Akwai ƙaramar talabijin a saman kabad ɗin yadi. Tun safe har a tashi aiki finafinan Bishara ne a ciki, ƙafa na taka keke, ido na kan allo. Manzanni duk ta san su da fuskokin 'yan wasa. In mai wa'azi ya ba da labari ba yadda ta gani ba, sai ta zunguri ta kusa da ita ta ce ya yi tsallake.

Wata Talata aka nuna labarin matar nan da ta yi shekara goma sha biyu tana zubar da jini. A fim ɗin, bayan ta taɓa rigar Yesu, sai mai fitowa a matsayinsa ya dubi kwalaben maganin da ta ƙulle a zanenta, ya ce ta fasa su, wai mai riƙe da magani bangaskiyarsa ba ta cika ba. Ta fasa su, kiɗa ya tashi, jama'a na kuka.

Gwaggo ta tsayar da keke. "Auta, kin ji ko? Da bakinsa fa ya faɗa."

"Yaya, anya kuwa? Ni ban taɓa jin an karanta wannan ba."

"Ke dai akwai gardama. Mutanen da suka yi karatu suka shirya abin nan, su ne za su yi wa Ubangiji ƙarya?"

"Likita ya ce ko kwana biyu kada in tsallake."

"To likita ya fi wanda ya halicci likita ne? Haba ƙanwata, ni zan cuce ki?"

Tun tana yarinya Auta ba ta taɓa tsallake maganar yayarta ba, ga kuma gajiyar allura. Gwaggo da hannunta ta juye jakar a kwandon ƙyallaye, suka durƙusa tsakanin kekuna biyu suka yi addu'a.

Kwana na farko Auta ta ce ta ji jikinta sakayau. Gwaggo har shaida ta bayar a taron mata, aka yi ta tafi. Kwana na uku ƙishirwa ta taso, Auta ta sha ruwa kamar ba gobe, sai fitsari, sai amai. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya, bai san abin da ake ciki ba. Gwaggo ta ce gwaji ne, a daure.

Kwana na biyar Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta. A asibiti nas ta tambayi yaushe rabonta da allura. Da Gwaggo ta faɗa, nas ɗin ta dube ta kawai, ta juya da gudu ta kira likita. Washegari da hantsi Auta ta cika, ta bar yara biyu.

Mako guda bayan jana'iza tsohon Fastonsu ya zo shagon. Ya tarar da Gwaggo zaune a ƙasa, ɗinkin mutane jibge ba ta taɓa ba.

"Baba, na yi abin da Ubangiji ya ce. Me ya sa ya ɗauke ta?"

"A ina ya ce, 'yata?"

Ta ba shi labarin kwalaben. Fasto bai yi mata faɗa ba. Ya zaro Littafinsa, ya buɗe Markus sura biyar, ya miƙa mata. "Karanta da kanki."

Ta bi layi da yatsa. Ga matar, ga cunkoson jama'a, ga taɓa riga, ga warkewa. Ta kai ƙarshe, ta koma farko, ta juya shafi ko ya ɓuya a baya.

"Baba, wurin kwalaben fa?"

"Babu shi. Babu a nan, babu a Matiyu, babu a Luka. Shi Lukan ma likita ne. Mai shirya fim ne ya ƙara don labarinsa ya yi armashi."

Gwaggo ta ƙirga ayoyin da yatsa, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Aya goma," in ji ta. "Aya goma kacal, Baba. Ai kafin dutsen guga ya yi zafi na gama karanta su."

Jama'a, fim aikin ɗan Adam ne, yana ƙari yana ragi don ya riƙe mai kallo. Duk maganar da aka sa a bakin Ubangiji, a buɗe Littafi a gan ta da ido kafin a yi aiki da ita, kuma kada wanda ya raba marar lafiya da maganinsa da sunan bangaskiya.