Injin da Ya Tashi Babu Kira

Zulkiflu mutum ne mai son sabon abu, kuma in ya samu sai duk garin Illo ya sani. Ranar da ya dawo daga tsallaken iyaka da wani ɗan farin akwati da bai fi na ashana ba, ko ruwa bai tsaya sha ba ya wuce rumfar injin casar shinkafarsu. Makunni ne, in ji shi, wanda ake sarrafawa da wayar hannu. Ko kana Kwatano, da ka danna sai inji ya tashi a gida.

Sana'ar gadon mahaifinsu ce, shi da yayansa Manu ke riƙe da ita. Sun bar injin gas sun koma mai aiki da sola, amma ƙa'idar tsohon tana nan. Ba a tada inji sai mai tadawa ya ɗaga murya ya ce, "A janye hannu!" Kuma ba ya taɓa makunni sai ya ji an amsa, "An janye!" Har matan da ke kawo shinkafa sun san wannan kira.

Manu ya jujjuya akwatin ya ce, "To in kana nesa, wa za ya yi kiran?"

Zulkiflu ya yi dariya. "Haba Hamma," haka yake kiran yayan nasa, "zamani hwa ya wuce nan."

"Ni dai ka bar min babban makunnina na bango. In na sauke shi, in san inji ya mutu."

"An gama, Hamma."

Ina aka gama! Da Manu ya tafi masallaci, gogan naka ya ɗauko sukudireba da salatif, yana kallon bidiyo yana ɗaura wayoyi. Ya haɗa akwatin da intanet, ɗan fitilarsa ya daina ƙyaftawa ya tsaya. Sai ya lura da matsala: muddin makunnin bango na sauke, akwatin ba ya samun wuta, wayarsa ba ta da wani iko. To ina amfanin abin ke nan? Sai ya ja wata wayar wuta ta bayan bango, ta zagaye makunnin Manu ta tafi inji kai tsaye. Manu bai ga canji ba, don nasa yana kunnawa yana kashewa yadda ya saba. Zulkiflu ya san in ya faɗa za a hana shi, don haka ya yi gum.

Ranar kasuwar bakin iyaka, bayan azahar, yana zaune cikin abokai yana cika baki. Sufyan mai taya ya ce, "Ƙarya kake! Daga nan ka tada inji a Illo? Sai ka ce aljani."

"Kawo idonka."

Ya danna. Maɓallin ya koma kore. Ya buga wa Manu, ya sa a sifika don kowa ya ji rugugin inji da kunnensa. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa, shiru. Abokai suka fara yi masa tsiya.

A nan maganar safe ta faɗo masa. Lokacin da yake tada mashin ɗinsa zai fito, Manu ya ce da shi, "Ɓuntu da tsakuwa sun toshe injin nan, yau in an yi sallah zan buɗe cikinsa."

Zulkiflu ya zabura. Ya danna kashewa. Wani ɗan da'ira ya kama juyawa a fuskar wayar. Sabis ɗin gida ya ɗauke, layin ya tsallaka ya kamo na Benin, yadda ya saba yi a wurin. Ya miƙe, ya hau benci, ya ɗaga waya sama, yana ta dannawa yana faɗin innalillahi. Da'irar nan dai ba ta fasa juyawa ba.

Takalmansa ma a nan ya bar su. Yana tsakar gudu a kan mashin wayar ta yi ƙara. Kubura ce, matar Manu. Kuka take, kuma a bayan muryarta yana jin inji na ci gaba da ruri.

"Zulkiflu! Inji ya kama hannun Hammanka! Makunni na sauke, ya ƙi mutuwa! Mi za mu yi?"

"Inbata! Ku shiga ɗakin batir ku kashe inbata!"

Ya ji gudu, ya ji an bugi ƙofa, aka kashe na'urar da ke ba inji wutar sola, sannan rurin ya tsaya. Nishin yayansa ne kawai ya rage a wayar.

Ko da ya iso an riga an ɗauki Manu. Farar shinkafar mutane na zube a ƙasa ta yi ja. Makunnin bango na nan a sauke, yadda mai shi ya bar shi kafin ya zura hannu.

A asibiti likitoci suka yi iya yinsu, amma dole aka yanke hannun daga wuyansa. Hannun dama ne, wanda ya yi noma da casa ya ciyar da Zulkiflu tun rasuwar mahaifinsu.

Da Manu ya farfaɗo, Zulkiflu ya durƙusa a gefen gado, ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi, ko a mare shi, ko ya ji sauƙi. Manu ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce a hankali, "Ƙanena, ban ji ka ce a janye hannu ba."

Jama'a, na'ura ba ta da ido, ba ta san wanda ke kusa ba. Kada ka kunna daga nesa abin da ba ka gani, kada ka zagaye makunnin da mutane suka dogara da shi, kuma duk abin da ka sauya a wutar gida ko ta wurin aiki, ka sanar da kowa tun kafin a taɓa.