Murjanin da Ya Ƙi Rabuwa

To ai ni ban yi nisa a boko ba, Malama. Amma irin lambar nan da kike faɗi, wadda ba ta rabuwa daidai sai dai a bar ta dunƙule ko a warware ta ɗai-ɗai, na san ta. Gyara zama ki ji.

Wata mata ce uwarsu ta rasu, ta bar musu kumbo cike da ƙananan murjani, ita da ƙannenta biyu da ke aure a garuruwa masu nisa. Wasiyyar tsohuwa guda ce: kada wata ta ɗara wata ko da ƙwaya. Bayan sadakar arba'in suka zazzage a faifai, suka ƙirga, dubu ɗaya da tara. Ita babbar tana ƙirgawa ne ba da son ranta ba, don ta san in kowacce ta ƙulle nata a bakin zane ta tafi, babu abin da zai ƙara tara su a gidan. Aka kasa uku, ƙwaya ɗaya ta yi saura a tsakiyar faifai. Aka ce a sa goggonsu a kasa huɗu, ɗaya dai ta rage. Aka kasa biyar, wannan karon ma huɗu ne suka yi cirko-cirko. Aka jawo 'ya'yansu mata cikin rabon, shida, bakwai, takwas, tara, kullum ɗayar nan na zaune kamar kallonsu ta zo yi. Tun suna tsaki har dariya ta ci ƙarfinsu. Autar ta ce a jefa fitinanniyar a rijiya a huta. Ta tsakiya ta miƙa mata ta ce, "Ungo, jefa da hannunki, in kin isa ki yar da abin Inna." Hannu ya ƙi ɗaguwa.

Sai babbar ta tashi ta ɗauko zare mai ƙwari, ta ce tunda kashi ɗaya kaɗai ya yarda da shi, a bi shi a yadda yake so. Suka yini suna shiryawa a zare guda, dogo har sai an yi ta naɗa shi a wuya. Suka yanke cewa duk amaryar da za a kai a dangi ita za ta sa, kuma ba a ba direba saƙonsa: wadda yake hannunta ita za ta kawo da ƙafarta, ta yi kwana biyu. Yau shekara ashirin ke nan ba a taɓa ɗaura aure a danginsu ba tare da an ga su ukun kan tabarma ɗaya ba, da jikoki a cinya. Shi ya sa Hausawa suka ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Yi mini haƙuri, na ji sallama a zaure, bari in je in ba baƙi ruwa.