Baƙonmu Yohana

Ranar wata kasuwar Talata ce da la'asar, ina zaune a zauren Babana a Mafara. Maƙwabcinmu Baba Yohana, malamin asibiti, yana gefe yana ɓare gyaɗa. A garin nan aka haife shi, kuma shi ya ɗinke mini goshi da na faɗo daga kan jaki.

Sai ga wani mutumin Maradun ya yi sallama yana neman ruwa. Babana bai taɓa ganinsa ba, amma ya shimfiɗa masa tabarma, yana ta "Maraba da ɗan ƙasa!"

Mutumin ya nuna Baba Yohana ya ce, "Wanga fa?"

"Baƙonmu ne," in ji Babana.

Baba Yohana ya yi murmushi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Na ce, "Baba, to yaushe zai daina baƙunta?" Harara kawai na samu.

Ranar da Baba Yohana ya rasu, na ji Baba cikin kuka yana cewa, "Mun yi rashin ɗan gari." Har yau ban san ranar da ya zama ɗan garin ba, kuma ban san ko an taɓa gaya masa ba.