Huji Biyu a Jikin Moto

"Maigida, moton nan, babur ɗina, zafi yake yi kafin in kai Bengu," in ji wani baƙo. "Sa mini abin sanyaya luwil, man injin."

Cha'ibu makanike ya ɗauko ƙaramin radiyato da ya shekara a ajiye. Ya durƙusa zai huda ƙarfen gaban inji, sai ya tarar da huji biyu a ƙarƙashin sabon fenti, ɗaya a karkace. Ya kara radiyaton. Ya zauna daram.

Ya ƙura wa hujin ido. Shi ya yi hujin nan bara, a moton ƙanensa Yunus ɗan kabu-kabu, ya ce masa ya dawo gobe a ɗaura radiyaton. Washegari aka tsinci gawar Yunus a bakin kogi, babu moto.

Cha'ibu ya ɗaure tiyo biyu na radiyaton, ya ƙara luwil, sannan ya tambaya a hankali, "Wa ya sayar maka?"

"Wani Hamidu, mutumin kirki. An ce ma shi ya auri matar abokinsa da aka kashe, yana riƙon marayun."

Abokin da aka kashe Yunus ne, kuma tun bayan auren Cha'ibu da kansa ya kai yaran gidan Hamidu.