Tufkar Hagu

Takalmin doki aka tsinta a kwazazzabon, kuma Yohei ne ya tsince shi.

Dawakan dako na Tatesawa ba su san takalmin ƙarfe ba. Na karan shinkafa ake tufka musu, in ya cinye a hanya a yar, a ɗaura wani. Duk inda doki ya bi sai ya bar shaida. Amma babu dokin da ya kamata ya bi ta nan.

Da farko 'yan safiyon jirgin ƙasa sun zo sun dubi dutsen, sun girgiza kai, suka ce layin dogo ba zai hau ba. Garin ya yi ajiyar zuciya, don da gishiri da siliki, duk a bayan doki suke ƙetare dutsen, kuma da wannan kowa ke ci. Tsohuwar hanyar kwazazzabo kuwa, wadda jirgi zai iya bi, masu dawaki kaɗai suka san ta. Suka taru a wurin bauta, suka rantse ba wanda zai nuna.

Sai ga turakun safiyo jere a kwazazzabon, kamar an shuka su.

Yohei bai daɗe da tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi ba. Matarsa Otomi ce ta riƙe gidan duk tsawon jinyar, ita ke jan goɗiyarsu ta kai gawayi ƙauyuka, ta dawo a gajiye. Mace ce marar magana tun ranar da 'yarsu Sayo ta cika a bayan doki, a kan dutse, kafin a kai ga likita. Yohei na sonta, duk da nawarta. Kafin ta tufka takalmi guda, matar maƙwabci ta gama huɗu. In ya tsokane ta sai ta yi murmushi, ta ja hannun riga ta rufe tsohon tabon da ke wuyan hannunta.

Ya juya takalmin da ya tsinta. Tufkar hagu ce.

Kowa a Tatesawa dama yake tufka. Hagu ta gawa ce da igiyar wurin bauta. Mutum ɗaya ne hannunsa ya ƙi jin magana: Genzo bahago, wanda suka taso tare da Yohei, wanda ya sauko masa da gawar Sayo a goye. Mata kuwa ba a ma kawo su a lissafi ba. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta girma bahaguwa, ta rasa miji? Tun tana rarrafe ake ɗaure hannun da igiya har ya haƙura.

Yohei ya kai takalmin gaban dattawa da kansa.

"Yanzu kai ne, Yohei?" in ji Genzo. "Ni da kai fa kwano ɗaya."

"Shi ya sa na san tufkarka. Nawa suka ba ka, bahagon banza?"

"Dube ni da kyau ka sake faɗa."

Yohei bai dube shi ba.

Aka yanke wa gidan Genzo hukuncin gari: ba gaisuwa, ba aron wuta, ba a ba shi dako, sai in gobara ta tashi ko an yi mutuwa. Ya sayar da dokinsa. Matarsa ta koma gidan iyayenta. Yohei ya ji zafin abin har cikin ƙashi, amma zafin cin amana ya fi, sai ya riƙe shi ya yi ta jinya. Sau ɗaya ya kama Otomi za ta kai wa Genzo dunƙulen shinkafa, ya ƙwace ya watsa wa kaji.

Shekaru suka shige, aka fasa dutse, aka shimfiɗa dogo. Gishiri ya daina jiran kowa. Masaukan matafiya suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masu dawakin da suka rantse suka koma rububin kaya a ƙofar tasha, wai su ma sun ci gaba.

Ranar da Genzo zai tafi neman aiki a masaƙar birni, Yohei da Otomi na tasha suna sauke gawayi. Genzo ya tsufa kafin lokacinsa, duk kayansa ƙunshi ɗaya. Ya tsaya kusa da su.

"Ɗan'uwa, ko sallama ba za mu yi ba?"

"Ga jirginka nan, kai ka kira shi. Hau mana."

Genzo ya rusuna wa Otomi, ya hau.

Jirgin ya yi kuka. Goɗiyar ta zabura, igiyar wuyanta ta tsinke, ta nufi dogo inda ƙafafun ƙarfe suka fara juyawa. Yohei ya rungume wuyanta tana jansa a ƙasa.

"Igiya, Otomi! Ko wace iri!"

Babu igiya, sai damin kara a bayan kaya. Kafin ya sake buɗe baki ta fizgo, ta murza, ta miƙo masa. Ya ɗaure goɗiyar yana haki. Bai taɓa ganin an yi tufka da sauri haka ba, har ya buɗe baki zai yaba mata.

Taragon ƙarshe ya shige kwazazzabo da Genzo a ciki. Yohei ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi tabon ɗauri da ke wuyan hannun hagun matarsa, ya sake duban igiyar. Tufkar hagu ce.