Katin Kyarkeci Ya Ɓace

Katin duba na uku ke nan da ya ɓace daga buhun garin da Begimai ke ɓoye su, yau na kyarkeci. Da su take koya wa 'yarta Akmaral girmama sararin samaniya da duwatsu. Mijinta kuwa ya rantse in ya sake ganinsu, ƙauye zai tura yarinyar.

Surukarta take zargi, tsohuwar da carbi ba ya barin hannunta. Begimai ta laɓe a ƙofar ɗakin tsohuwar, sai ta ji muryar Akmaral a ciki.

"Kaka, Mama ta ce kyarkeci..."

"Kul! Ba a kiran sunansa. Uwarki 'yar birni, a takarda ta koya. Ajiye katin, matso in koya miki yadda kakata ta koya min."