Murfin Rijiya

"Ni na bar murfin rijiyar a buɗe," in ji mai fassara, tana mayar da alamun hannun kurman nan mai sharar coci zuwa magana. Sai da maganar ta fita daga bakinta ta gane rijiyar da ake nufi: wadda ta cinye mata 'ya.

Ofishin fasto ƙarami ne, kujerar kurman ta tare ƙofa. Aikinta isar da magana ne, ba ragi ba ƙari. Haka ta furta tubansa har ƙarshe, kowace kalma garwashi a harshenta.

Fasto ya sunkuyar da kai. "'Yar'uwa, faɗa masa jinin Almasihu ya wanke shi."

Hannuwanta suka yi nauyi a cinya. In ta ɗaga su, za su faɗi abin da zuciyarta ta ƙi. In ta danne, ta rufe wa mai tuba ƙofar alheri.

Kurman ya taɓa gefen mayafinta, ya yi alama a hankali: "Mama, kada ki fassara wa fasto wannan da zan faɗa miki. Na iya rubutu. Da fasto nake nema, da takarda ta ishe ni. Ubangiji ya riga ya amsa mini. Taki amsar nake jira."